Lefen da Ya Ci Dabino Tara

Ni dai ba mai yawo ba ce. Kafin tafiyar nan, mafi nisan wurin da ƙafata ta taɓa kai ni kasuwar Maigatari ce, ita ma don in sayar da faifai da lefe in dawo kafin la'asar. Tsakar gidana, kabata jiƙe a ƙwarya, maƙwabta suna shigowa muna hira hannu yana aiki, iyakar duniyata ke nan, kuma ta ishe ni. Sai ga shi Hadiza, 'yar wana da na goya, za ta haihu a Madina inda mijinta yake aikin likita, aka ce babu mai yi mata jego sai ni. Wata uku aka ce zan yi. Na yi goma sha ɗaya. Zamanin nan ne da ake aika kaset gida maimakon wasiƙa.

Unguwarsu Aƙiƙ ake ce mata. Gidan a sama yake, hawa na uku, ba tsakar gida, ba zaure, ba kaza ko ɗaya. Maƙwabciya sai ku yi wata ba ki ga fuskarta ba, sai dai ki ji ƙarar ƙofarta. Manyan 'ya'yan Hadiza in na yi musu Hausa su amsa mini da Larabci. Da farko abin ya yi mini ciwo, daga baya na ce to bari in saurara. Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni kunne. Kafin a yi arba'in na san halas shi ne an gama, na san bukura ita ce gobe, na san iƙama ita ce takardar zama, kafil kuma shi ne Balaraben da zamanka yake hannunsa. Ban gaya wa kowa ina ji ba.

Masallacin Annabi kam na shiga, na yi kuka, na gode wa Allah. Amma mutum ba ya wuni a masallaci kullum. Da aka gama wankan jego, sai hannuna ya rasa abin yi. In zauna in ga yatsuna suna motsi su kaɗai a kan cinya.

A bakin ƙofar falo akwai wani ɗan kwando a kan tebur, inda Likita yake jefa makullin mota. Wata rana ina goge teburin na ɗauke shi. Ban ajiye shi ba sai da aka kira azahar. Na juya shi, na kife shi, na kai shi taga. Zanen ciki daban, na waje daban. Na bi bakinsa da farce ina neman inda aka naɗe, babu. Na duba gindi ina neman inda aka fara, babu. Shekara arba'in ina saƙa, ban taɓa riƙe abin da ya ɓoye mini farkonsa ba.

Da Likita ya dawo na ce, "Likita, wannan aikin mutum ne ko na aljan?"

Ya yi dariya. "Na wata tsohuwa ce, Gwaggo. A Amurka na saya lokacin da nake karatu. Ceroki ake ce wa mutanensu, su ne 'yan asalin ƙasar tun kafin Turawa su je."

"Da me ta yi?"

Ya ce da wani irin kara ne mai fitowa a bakin kogi, su tsaga shi da wuƙa su fere, su rina da saiwa da ɓawon itace. Ya ce tsohuwar ta gaya masa karan ma ya yi wuya yanzu, an nome bakin kogunan, sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samu. Kwando biyu ne a jiki ɗaya: a saƙa na ciki a hau da shi, in an kai baki a lanƙwasa a sauko ta waje, a ɓoye duk wani tsini a tsakani.

"To ai mu ma da karan dafi muke rini," na ce.

Hadiza ta ce, "Gwaggo kishi take yi da tsohuwar Amurka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma gaskiya ta faɗa. Matar da ban taɓa gani ba ta hana ni sukuni. Na ce a raina, in dai hannu ne, nawa ma uwata ce ta koya masa.

Kaba na fara nema. Hadiza ta kai ni Harra ta Gabas, inda 'yan uwanmu baƙaƙe suka fi yawa. Gidaje a cunkushe, ƙasa baƙar duwatsu kamar an ƙona ta. Amma da na ji wata tana zagin ɗiyarta da Hausa sai sanyi ya sauka a zuciyata. Wata mai sayar da kuka da daddawa ta ce tana da ganyen dabino, ta rungume ni, ta ce ai kakarta ma mutuniyar Gumel ce. Ta ɗauko dami ɗaure tam, ta ce kada in kwance a titi, 'yan baladiya masu kula da tsaftar gari ba sa son shara. Da muka isa gida na kwance. Na waje ne kawai mai kyau, cikin duk ruɓaɓɓe, yana zuba kamar dusa. Da muka koma bayan sati ta dube ni ta ce, "Ma a'rifik." Wai ba ta san ni ba. Hausar ma ta gudu daga bakinta.

Likita ne ya ji tausayina. Ya ce akwai wani dattijo da yake zuwa karɓar maganin hawan jini a wurinsa, yana gadin gonar dabino a Al-Awali. Ranar Alhamis ya kai ni.

Awali daban take da sauran gari. Katangu dogaye, in an buɗe ƙofa sai inuwa da ƙarar ruwa a lambatu. Wanda ya buɗe mana wani tsoho ne siriri, da rawani ya sha rana, da lauje a kugu. Malam Idi sunansa, mutumin Damagaram.

"Daga ina?" ya ce.

"Gumel."

"Ash. Likita, duk faɗin Najeriya ka rasa wadda za ka kawo mini sai Bagumala? Ku da muka riƙa kora kuna hawa bishiya."

"Ai shi ya sa muka fi ku sanin itace," na ce.

Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar muka saba. Duk Alhamis Likita ya sauke ni ya wuce asibiti, ya ɗauke ni da la'asar. Malam Idi yana tara mini ganyen da ya sassabe daga manyan itatuwa, ya dafa shayi, in zauna a ƙasa, ƙasa ta gaske, ina tsaga muna hira. A duk zamana a Madina nan ne kaɗai na ji kamar ina gida.

Shekararsa talatin da huɗu a gonar. Da ƙafa da mota ya zo ta Sudan yana saurayi. Matarsa ta rasu a nan, ba su samu haihuwa ba. Na ce ba ya kewar gida? Ya shiga ɗakinsa na bakin rijiya ya fito da wani farin yadi a cikin leda.

"Kin ga wannan? Likkafanina ne. Da Zamzam na wanke shi. Ni abu guda nake jira, ɗiyata. In mutu a garin nan a kai ni Baƙi'a, kusa da Manzo. Matata tana can. Kowace Juma'a in na fito masallaci sai na leƙa na ce mata ta matsa, ina tafe." Ya mayar da yadin. "Shi ya sa ban taɓa faɗa da mai gona ba. Iƙamata a hannunshi take. In ya ce dare ne da rana tsaka, sai in ce wallahi ga taurari."

Na yi ta gwada lefe mai jiki biyu. Na gane hawan, na gane saukar. Amma duk lokacin da na kai baki zan lanƙwasa, sai ganyen ya tsage. Tsohon ganye ne, ya yi tauri. Na jiƙa shi kwana biyu, na shafa masa mai, a banza. Na san abin da nake bukata: farin ganye na tsakiya wanda bai buɗe ba, mai laushi kamar fata.

Wata Alhamis injin ruwa ya lalace, Malam Idi ya tafi neman mai gyara. Ya bar mini laujensa in datse ƙaya. Na tashi in miƙe ƙafa, na zaga bayan rijiya, inda ban taɓa zuwa ba. Sai ga su a jere, gajeru, iya ƙuguna, ba su da gangar jiki, ganye kawai daga ƙasa.

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane ba. A wajenmu goriba in ta yi tsawo tana da mai ita. Amma gajeriyar da ba ta yi jiki ba, ita ce kaba, ta kowa ce. Ba a neman izini. Ki zura wuƙa can ƙasa ki zaro na tsakiya, in kin dawo bayan wata biyu ta fitar da uku a madadinsa. Tun ina 'yar shekara bakwai haka nake yi. Hannuna bai tsaya ya tambaye ni ba. Har na ga an naɗe gindinsu da buhu, na ce oh, Larabawa da gata, har kaba suke yi wa zane.

Tara na zaro. Farare tas, masu sanyi, irin da ban taɓa riƙewa ba. Da na ji motsin ƙofa na tare shi da su a hannu ina murna.

"Malam, ka ɓoye mini masu kyau kana ba ni tsofaffi."

Ya tsaya. Ya dubi hannuna, ya dubi laujen. Ya wuce bayan rijiya, na bi shi. Ya durƙusa a gaban ta farko, ya zura yatsa a ramin. Ya matsa ta biyu. Haka har ta tara. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Har ina kika kai wuƙa?"

Na nuna masa da hannu.

"Dabino ba goriba ba ne, ɗiyata. Zuciya guda gare shi. In ta tafi, ya tafi."

"Ba za su toho ba?"

"'Ya'yan ajwa ne. Daga itatuwan uban mai gona aka ciro su, kafin a sayar da tsohuwar gonarsu a yi gini. Babu sauran irinsu. Shi da kanshi yake zuwa yana ba su ruwa."

Ni ma na zauna a ƙasa. Na fara salati, na ce zan tsaya in faɗa wa mai gonar da bakina. Ya ce in yi shiru. Ya kwaɓa laka ya toshe ramukan, ya yi musu rumfa da ganye, ya ce wa ya sani, ikon Allah da yawa yake. Na ce bari in zubar da ganyen. Nan ne kawai ya ɗaga murya.

"Ki zubar? An riga an yanka. Ki tafi ki saƙa abinki, kada su mutu a banza."

Na saƙa. Allah ya sani da hawaye na saƙa, amma ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya ji daɗin ganyen nan. Na yi cikin da tsohon ganye rinanne, da na kai baki na sa farin, ya kwanta kamar ruwa, bai tsage ko ɗaya ba. Na sauko ta waje na ɓoye kowane tsini. Sati biyar ya ɗauke ni. Na ajiye shi kusa da na tsohuwar Ceroki, Hadiza ta juya shi ta ce, "Gwaggo, ina kika fara?" Abin da na yi ta son ji ke nan, da na ji shi kuma sai ya zama mini kamar toka a baki.

A satin ne dabinon suka bushe, duka taran.

Ranar Litinin Likita ya dawo da rana fuska a ɗaure. Ya ja Hadiza kicin suna magana da Larabci don kada in ji. Ina zaune a falo da jaririya a cinya, na ji komai. Mai gona ya ga sawun wuƙa. Ya ce ya san Idi ba zai yi wannan ba, mutumin da ya raini gonar tun shi yana yaro. Ya ce Idi ya faɗi wanda ya shigar masa gona, a miƙa shi ga hukuma, shi ya ci gaba da zamansa. In ya ƙi, huruj, wato a buga masa fita ba dawowa. Ya ba shi zuwa Alhamis. Malam Idi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa, laujensa ne ya yanka.

Da suka fito na ce, "Likita, ka kai ni wurin mai gonar."

Suka dubi juna. Hadiza ta ce, "Gwaggo, dama kina ji?"

"Ina ji. Ka kai ni."

Likita ya zauna a gabana, ya sassauta murya. "Gwaggo, bizarki ta ƙare wata huɗu da suka wuce, ina ta neman yadda za a gyara. In kika je, ba ke kaɗai za a kama ba. Ni na ajiye ki, ni na kai ki gonar. Aikina zai tafi. Yaran nan huɗu a ina za su yi karatu?"

"Shi kuma fa?"

"Tsoho ne, ya ga duniya. Gida zai koma, ba kurkuku ba. Zan haɗa shi da maganin shekara guda."

"Ba magani yake jira ba, Baƙi'a yake jira."

"Ƙasa duk ta Allah ce, Gwaggo."

Da sauƙin faɗa a bakin wanda iƙamarsa take aljihunsa. Hadiza ta kama ƙafata tana kuka, ta ce in dubi jaririyar nan da na yi wa wanka da hannuna.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa hana ni aka yi. Yau zan faɗi daidai. Ranar Laraba da hantsi Likita yana asibiti, Hadiza tana barci. Na sa hijabina, na sa takalmi, na tsaya a bakin ƙofa. Ƙofar ba a kulle take ba. Na san sunan unguwar, na san yadda ake ce wa mai tasi ya kai ni, na san yadda ake cewa ni ce da Larabci, kalma biyu ce. Na riƙe hannun ƙofar har ya yi ɗumi. Sai jaririya ta yi motsi a ɗaki, na ce bari in duba ta tukuna. Na cire takalmin. Ban sake sa shi ba.

Bayan sati biyu Likita ya kai ni Harra, ɗakin wani ɗan garinsu inda Malam Idi ya sauka kafin a sa shi a jirgi. Shekara talatin da huɗu, kayansa akwatin ƙarfe ɗaya da buta. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"A'a, Bagumala. Shigo mana. Ko kin zo ki ga Damagaram ta faɗi?"

"Malam, ka yafe mini. Na sa takalmi zan zo, na..."

"Da kin zo da na ce ban san ki ba. Mi kika ɗauko a zane?"

Na miƙa masa lefen. Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya juya, ya kife, ya bi bakin da babban yatsa. Ya daɗe.

"To," ya ce. "Aƙalla sun yi kyau."

Ya buɗe akwatin, ya fitar da farin yadin daga leda, ya ninke shi ya sa a cikin lefen, ya rufe. Ya ce dama ledar ta tsufa. Na ce ko ya samu ya je Baƙi'a? Ya ce ya je jiya. "Na ce mata ta miƙe ƙafarta, ta daina matsawa." Ya yi dariya, shi kaɗai. Likita yana ta duban agogo.

Ni kuma bayan wata biyu aka gyara takarduna ba tare da wata wahala ba, na hau jirgi da tsarabar dabino da Zamzam. A gida aka tare ni da guɗa. Har yau Hajiya 'yar Madina ake ce mini, mata suna kawo jarirai in tofa musu albarka, wai na zauna kusa da Manzo. Ina tofawa. Me zan ce musu?

Shekara uku bayan nan, ranar kasuwar Maigatari, wata mata ta zo tana tambayar mai faifai 'yar Gumel da ta yi zaman Madina. Ɗiyar ƙanen Malam Idi ce. Ta ce ya rasu da kaka, a wani ƙauye arewa da Magarya. Ta ce bai yi jinya mai tsawo ba, sai dai tunda ya dawo kullum da la'asar yakan ja tabarma ya zauna yana fuskantar gabas, ba ya son a yi masa magana. An binne shi a bayan gari, cikin rairayi, wurin da kaba ta yi yawa. Ta kwance ɗaurinta ta miƙo mini lefen, ta ce shi ya bar wasiyya a mayar wa mai shi, ya gama amfani da shi.

Na buɗe. Babu komai a ciki.

Ban sake saƙa mai jiki biyu ba. Hadiza ta ce na tsohuwar Ceroki yana nan a bakin ƙofa, ana jefa masa makulli. Wani lokaci nakan tuna matar, in ce ko ita ma akwai abin da ta ɓoye a tsakanin nata, wanda Likita bai saya da shi ba. Nawa yana rataye a ɗakina. Dillalai sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne. Duk macen da ta san saƙa in ta shigo sai ta sauke shi, ta juya, ta kai shi haske, ta ce, "Hajiya, don Allah a ina ya fara?"

Sai in ce mata ta mayar da shi inda ta ɗauka. A bayan rijiya ya fara, a Awali, kuma mu biyu ne muka gani da ido, ni da Malam Idi. Yanzu saura ni.